Kujerar da Babanka Zai Zauna a Logbaba

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tsare na gida da na hanya.

Zuwa gare ka, kai da ka san kanka. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Rabi. Ina roƙon Ubangiji ya sa ƙaurar da za ku yi zuwa unguwar Logbaba ta zama ƙaurar arziki, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na bakin mutane. Sunanka ba zan rubuta ba, ka san dalili. Kai ne ɗan fari, tun da na haife ka ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, ba kuwa alƙalami ne zai koya mini rashin kunya da furfura a kaina ba. Kana wucewa ta gabana safe da yamma, in na buɗe baki sai in ji maganar ta koma ciki. Shi ya sa na zauna na rubuta, Gwaggonka Ladi za ta miƙa maka.

Ita ce ta kawo mini labarin cewa kun je wurin tapisiye, mai rufin kujeru, kun ga wani salon, wato jerin kujerun falo, na fata, zuciyarku ta tafi. Wai Rabi ta ce fata da tsumma ɗaya ake goge ta, kai kuma ka ce fata ta fi yadi tsawon rai, ga shi zamanin lakiris ne, wannan matsi na rashin kuɗi, wanda ya sayi abu yau bai san ranar da zai iya sake saye ba. Duk ku biyun gaskiya kuka faɗa. Da don ku kaɗai ne, da ban sa baki ba. Amma akwai abin da ba ka sani ba tukuna: babanka ya ce zai zo walimar gidanka. Mutumin da tun da ciwon nan ya kama shi bai wuce bakin zaure ba, shi ne da kansa ya ce a wanke masa babbar riga. Zai zo, zai zauna a falonka gaban surukanka da abokanka, kuma kujerar da ka saya ita ce za ta sa ya fito da mutuncinsa ko ya koma gida ya rufe ƙofa har abada. Saboda haka ka yi haƙuri ka karanta abin da ya same ni da kujeru, don na sha wuya a kansu fiye da yadda kake zato.

Salon ɗinmu na fata kana tuna shi, baƙin nan da kuke hawa ina korar ku. Ni na matsa aka saye shi. Lokacin babanka yana jan babbar motar kamfanin katako, garin yana da daɗi, sai wani Bature a unguwar Bali zai koma ƙasarsu yana sayar da kayan gida. Babanka ya ce mu yi na yadi kamar kowa, ni kuwa na kafe. Hujjata ita ce kakana, wanda ya zo daga Kano da jakarsa ta fata, yakan ce fata tana binne mai ita. Na ɗauki maganar tsoho na ɗora a kan Duwala, ban tsaya na tambayi kaina ko ruwan da ake yi a Kano shi ake yi a unguwarmu ta New Bell ba.

Damina ta farko ta ba ni amsa. Ka san ruwan garin nan in ya fara, sama ba ta gajiya. Wata safiya na shiga falo na tarar kujerun sun yi furfura, funfuna fari da kore ya rufe su tun daga baya har hannuwa. Na goge, washegari ya dawo. Na tsaya ina kallo ina ta tasbihi, don abin ya fi ƙarfin fushi. Dabbar da aka yanka a wata ƙasa da ban san sunanta ba, aka jeme, aka rina, aka ƙetaro teku da ita, ga ta a ɗakina tana gumi tana shan iska kamar mai rai. Ikon Allah ba ya ƙarewa, har a jikin kujera yana nuna wa mutum.

Sai na yi dabarar gida. Mu a wurinmu fata in ta bushe ko ta yi ciwo mai ake shafa mata, haka na ga ana yi wa takalmi da kube. Na ɗauko man gyaɗa na mulke kujerun nan tas, suka yi ƙyalli har kana ganin fuskarka. Na yi ta yaba wa kaina. Ashe goron gayyata na raba. Kiyashi suka fara zuwa, kyankyasai suka biyo, sannan manyan baƙi, ɓerayen New Bell waɗanda ko kyanwa gaishe su take yi ta wuce. Suka cinye hannun doguwar kujerar har katako ya fito. Babanka dariya kawai ya yi, ya tambaye ni ko in ƙara musu da yaji. To ka ji: abin da yake gaskiya a garin kakanninka ba lalle ne ya zama gaskiya a garin da kake kwana ba. Kafin ka sayi abu, ka shiga gidajen maƙwabtanka na Logbaba ka ga yadda damina take yi da nasu, ka tambaye su inda ruwa yake tsayawa a ɗaki. Kuma kada ka bar matarka ta shafa wa kujera abin da ake soya ƙosai da shi.

Wannan duk abin dariya ne. Na gaba ba na dariya ba ne.

Ka san yadda lakiris ya shigo. Kamfanoni suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, maza masu iyali suna zaune a bakin titi da rana tsaka, waɗanda suka yi karatu sun koma jan bensikin suna ɗaukar fasinja a babur. Kamfanin babanka ya rufe, aka karɓi makullin mota a hannunsa. Bai yi ƙorafi ba, sa ba ale kawai yake cewa, wato komai zai wuce. Amma abin yana cinsa a ciki. Ba a daɗe ba ya faɗi a tsakar gida bayan la'asar, ɓarinsa na hagu ya shanye, harshe ya yi nauyi. Kai a lokacin kana Yawunde kana neman abin yi, abin da ka gani da ka dawo ragowa ce. Mutumin da yake hawa kan gungumen katako ya ɗaure sarƙa shi kaɗai, shi ne muka ɗauka mu uku muka kai lopital, wato asibiti. Na gode wa Allah da ya bar masa hannun dama, wanda zai ci abinci da shi ya gaisa da mutane.

Da aka sallamo mu, sai na zaɓa masa ƙaramar kujerar fata, wadda ɓeraye suka ƙyale. Tunanina irin na Rabi ne sak. Mai irin wannan ciwo lalura takan kama shi ba shiri, fata kuwa da ruwa da tsumma ta tsarkaka. Na duba sauƙina, ban duba zamansa ba. Ina ganinsa kullum ya damƙe hannun kujerar da hannunsa mai lafiya har jijiyoyi suna tashi, na ɗauka ciwo ne yake sa shi haka.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci mutane suka zo gaishe shi. Akwai abokan aikinsa, akwai dattawan unguwa, akwai Malam Buba, Bafulatanin nan na Ngawundare da yake jan salla in liman ba ya nan. Na sa wa babanka shaddarsa mai sitaci, na gyara masa hula, aka zaunar da shi, ni kuma na koma bayan labule. Aka gaisa, aka yi masa sannu. Da za su tashi sai Malam Buba ya ce a yi addu'a, kowa ya ɗaga hannu. Babanka ma ya saki kujera ya ɗaga nasa. Shadda mai santsi a kan fata mai santsi, ga rabin jiki ba ya riƙe kansa. A hankali ya fara zamewa, ina gani ta gefen labule, ƙafafu suka yi gaba, riga ta tattare har ƙirji, hula ta faɗi, ya sauka a ƙasa gaban mutanen da ya yi shekaru yana zama a samansu.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Malam Buba bai katse addu'ar ba, bai ko ɗaga murya ba. Sai kawai ya zamo daga tasa kujerar ya zauna a ƙasa kusa da babanka, kafaɗa da kafaɗa, ya tokare shi. Na kusa da shi ya bi, na gaba ya bi, har falon nan kaf ya koma ƙasa, dattawa da manyan riguna a kan siminti, kujeru sun zama fanko a bayansu. Wani ya ɗauki hular ya mayar masa a kai ba tare da ya dube shi ba. A haka aka shafa fatiha, a haka aka ƙarasa hira, kamar dama can a ƙasa aka shirya zama. Ba wanda ya yi wa wani ishara. Ni dai ban san inda mutane suke samo irin wannan hankali a cikin ƙiftawar ido ba, sai dai in ce Allah ne yake jefa shi a zukatan bayinsa. Na toshe bakina da mayafi na yi kuka, rabi na baƙin ciki, rabi na mamakin kirkin mutane. In Allah ya sa ka tarar da wani ya faɗi a gaban jama'a, kada ka yi ihu ka tara masa ido, ka sauka inda yake.

Sun rufa masa asiri, amma shi ya san abin da ya faru. Daga ranar ya ce kada a sake shigo masa da kowa. In an yi sallama sai ya juya fuska bango. Malam Buba ya yi ta zuwa yana komawa daga zaure, yana cewa in gaishe shi kawai. Na ga mutum yana ƙarewa ba don ciwon jiki ba.

Na ce to fata ce ta yi mana wannan, bari in koma yadi. Na kira Papa Simon, tapisiyen da ke bayan kasuwa, ya cire fatar ya rufe kujerar da balur mai laushi, ya cika ta da soso mai taushi don ina so babanka ya ji daɗi. Balur ya riƙe shi kuwa, zamewa ta ƙare. Sai dai an gudu ba a tsira ba. Ranar da lalura ta kama shi, soson nan ya shanye komai ya riƙe. Damina ce, ba rana, na wanke na kai bakin murhu, na yi turare, duk a banza. Babanka ya ƙi yin salla a kanta, ya ce ba zai gana da Ubangijinsa a kan abin da yake shakkar tsarkinsa ba. Sai na ƙara wata dabarar, na lulluɓe ta da leda. Wannan ita ce mafi muni: ga santsi ya dawo, ga zafi, ga ƙara duk motsin da ya yi, har bayansa ya fara salewa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Ka riƙe wannan: yadi yana riƙe mutum amma yana riƙe abin da ya zuba, fata tana sakin abin da ya zuba amma tana sakin mutum. Kowanne da halinsa, ba wanda zai ba ka duka biyu sai ka yi masa dabara.

Dabarar kuwa ba daga wurina ta fito ba. A duk wannan faɗi-tashi, ka san abin da ban taɓa yi ba? Ban taɓa tambayar babanka ba. Da harshensa ya yi nauyi sai na riƙa yi masa kamar hankalinsa ma ya yi nauyi, ina yanke shawara a kansa yana zaune yana ji. Ranar da na sake kiran Papa Simon muna tsaye a kansa muna ta gardama, sai ya bubbuga hannun kujera har muka yi shiru. Ya kira Papa Simon da yatsa. Da Faransancinsa na direbobi, kalma ɗaya sai ya huta, sauran da hannu, ya bayyana masa kujerar babbar mota: mazauni ya ɗan karkata baya don jiki ya faɗa ciki ba waje ba, soso mai tauri ba mai nutsewa ba, hannuwa masu tsawo da faɗi, ƙafafu dogaye don tashi ya yi sauƙi kuma ruwan ambaliya ya wuce ta ƙasa. Roba a ciki a kan soso, sannan riga ta yadin auduga mai kauri mai kaushi a waje, wadda za a zuge a cire a wanke, a yi guda biyu don in ɗaya tana kan igiya ɗaya tana kan kujera. Papa Simon yana ji yana gyaɗa kai yana cewa wi patron, wato to maigida.

Na jingina da bango ina kallon mijina. Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa a zaune a kan kujera daga dajin katako zuwa bakin teku, ni ce zan koya masa zama. Duk tsawon lokacin nan amsar tana cikin kansa, cikakkiya, tana jiran wanda zai yi haƙuri ya saurara. Tsarki ya tabbata ga wanda ya kashe rabin jiki ya bar hankali ko ƙwarzane babu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka yanke wa mutum abin da jikinsa ne zai ɗauka sai ka tambaye shi, ko matarka ce, ko ɗanka, ko tsohon da magana take yi wa wuya. In ya yi jinkirin amsa, ka jira, kada ka ƙarasa masa maganarsa.

Ita ce kujerar da ka sani a ɗakinsa yanzu. A kanta ya koma salla, a kanta ya yarda Malam Buba ya shigo, daga baya sauran. Amma waje bai fita ba, don bai yarda da kujerar kowa ba.

Na san abin da za ka ce, don ni ma shi na ce: a ɗora kujerarsa a bayan tasi a kai Logbaba, magana ta ƙare. Na faɗa masa haka. Ya dube ni ya ce, kuma a wannan karon kalmomin sun fito sarai:

"Ba zan je gidan ɗana da kujerata a bayana ba. A tasa zan zauna."

To ka ji. Kuma kada ka yi wayon da na san zai zo maka, wato ka sayi salon na fata ka ajiye masa guda ɗaya ta yadi a gefe. Duk wanda ya shigo zai gane ta majinyaci ce, shi ma zai gane tun daga bakin ƙofa. Ka sa a yi su duka iri ɗaya, yadda zai zauna a kowacce ya ga dama kamar kowane baƙo. Ka je wurin Papa Simon, har yanzu yana da awon a kansa. Ka guji simili, fatar ƙaryar nan da ta cika kasuwa tun da darajar kuɗin sefa ta karye, tana da santsin fata ba ta da ƙarkonta, kafin damina biyu ta fara ɓarewa. Ka karɓo yankunan yadi kala-kala ka kawo gida, ka ce shawara kake nema, ka sa su a hannun babanka ya murza ya zaɓa. Kada ka nuna masa na rubuta maka komai.

Ita kuwa Rabi, kada ka je mata da umarni. Ɗakinta ne, kuma yarinya ce mai son abu mai kyau, ba laifi ba ne, ni ma na so. Ka zaunar da ita ka ba ta labarin Juma'ar nan yadda na ba ka. Na ga yadda take durƙusawa ta gyara wa babanka takalmi ba wanda ya sa ta, na san abin da za ta zaɓa. In Allah ya buɗa nan gaba kuka so fata, ku saya, ku ajiye ta nesa da bango inda iska take ratsawa. Ba inda fata za ta gudu.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin nan da hantsi, in na fita shanya, nakan ji shi yana magana shi kaɗai a ɗaki. Na leƙa. Yana zaune ya miƙe baya, ya saki hannun kujera, ya ɗaga hannunsa na dama sama, tafin a buɗe, yana rawa amma bai sauke ba. Addu'a yake bita. Yana maimaita kalmomin da suke sarƙe masa har su fito daidai, in ya yi tuntuɓe ya koma farko. Na ji sunanka a ciki, sunan da ni ba na iya faɗa, yana fita daga wannan harshe mai nauyi tsaf ba gargada. Na ji yana roƙa wa gidanka albarka, da ƙofarsa, da tukunyarsa, da 'ya'yan da ba a haifa ba. Na koma bakin igiya na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ina ta yi wa Allah godiya.

Ba cin shinkafa zai kai shi Logbaba ba. So yake shi ne zai yi wa gidanka addu'a da bakinsa a gaban mutane. Hannu ɗaya gare shi, ɗana. Ko ya riƙe kujera da shi, ko ya ɗaga maka shi. Ka saya masa wadda za ta riƙe shi.

Allah ya kai ku lafiya, ya zaunar da ku lafiya, ya sa ruwa ya tsaya a bakin ƙofarku kada ya shiga. Allah ya yaye mana wannan matsi, ya tsare ka a kan titi da wurin nema, ya haɗa kanka da matarka. Allah ya kai mu ranar, ya ba babanka ƙarfin kaiwa ƙarshen addu'arsa, mu kuma ya ba mu bakin cewa amin.

Ni ce,
Innarku.